Takardar Rufe Baki ta Leland Varga

Wanda ya ga Leland Varga yanzu a ofishinsa na Oakland, yana zuba wa masu sabbin kamfanoni surutu har kofinsu ya huce, ba zai yarda cewa mutumin nan ya taɓa yin shekara biyu bakinsa a ɗinke ba. Amma an yi haka, kuma unguwa guda shaida ce.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kamfanin inshora kafin wata dabara ta faɗo masa: manhajar waya da za ta nuna wa mutane inda motocin sayar da abinci suke tsaye, har da hotunan abincin. Ya ajiye aiki, ya kwashe kekuna daga gareji, ya kafa tebur. Tun daga ranar tsoro ya shige shi, wai za a sace masa dabara. Sai ya buga takarda mai shafi uku, duk mai son jin abin da yake ginawa sai ya sa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Mai askinsa ya sa hannu. Surukinsa ya sa hannu. Likitan haƙorinsa ma, da ya ce masa “ya aiki?” don gaisuwa kawai, sai da aka miƙa masa biro. Gaskiya ne ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, amma Leland ya wuce gona da iri.

Matarsa Corinne malamar makaranta ce mai haƙuri, to amma haƙuri ma yana da iyaka. Wata safiya ta tsaya a ƙofar garejin da jaka a kafaɗa.

“Maigida, na ba ka zuwa ƙarshen Mayu,” in ji ta. “Mutum goma masu amfani da abin nan naka. Ban da danginka, ban da nawa. In babu, ka ɗauko kwat ɗinka ka koma inshora.”

A duniya ba abin da ya tsana kamar ofishin nan da ya baro. Ranar ɗaya ga Mayu ya saki manhajar. Bayan mako guda mutum huɗu ne suka sauke ta: shi, Corinne, surukinsa, da mai askin, wanda ya ɗauka takardar da ya sa wa hannu ce ta wajabta masa.

Da rana ya ja ƙafa zuwa kwanar titinsu, wurin motar abincin Doña Amparo, dattijuwar da yake sayen tako uku a hannunta kullum, wato gurasa da ake naɗe nama a ciki. Ta dube shi ta tagar motar.

“Ɗan nan, wa ya mutu?”

“Kamfanina, Doña.”

“Au, ashe kana da kamfani? Ni na ɗauka zaman kashe wando kake yi, matarka na ciyar da kai.”

Hannunsa ya tafi jaka zai zaro takardar, don sabo. Sai ya tuna babu sauran abin da ɓarawo zai so. Ya buɗe baki ya faɗa mata komai, karo na farko ba tare da biro ba.

Doña Amparo ta yi dariya har da riƙe ciki. “Taswirar da za ta nuna inda nake? Shekara goma sha huɗu ina kwanar nan, karnukan unguwa ma sun san inda nake! Kai, yaron nan! Shekara biyu kana gina abu don masu motar abinci, kana cin abincina kullum, ba ka taɓa ce mini ‘Doña, me ke damun ki?’ ba?”

“Ina tsoron a sace...”

“Wa zai sata? Ni? Da ludayi?”

Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, “To, Doña, me ke damun ki?”

Ta ajiye ludayin. Ta ce damuwarta ita ce ta dafa na mutum ɗari biyu, ruwa ya sauko ko ma'aikatan ofis su ƙi fitowa, abinci ya yi kwantai. Alhali can bakin tashar jiragen ruwa magina suna zaune da yunwa, ba mota ko ɗaya. Abin da take so kawai, wani ya faɗa mata da safe inda masu yunwa suke.

Wannan karon Leland bai gina komai ba. Littafin rubutu ya saya. Kowace safiya ya bi wuraren gini da masana'antu da waya yana tambayar mutum nawa za su ci abincin rana, sannan ya kira masu motocin abinci ya raba musu wuraren. Wanda a da ba ya faɗa wa kowa komai, yanzu har direban bas sai da ya ji labari. Kuma ba wanda ya sata, don kowa na fama da nasa.

Ranar talatin da ɗaya ga Mayu yana da motoci tara. Doña Amparo ce ta haɗa shi da dukansu, amma ita ta ƙi shiga, ko sau ɗaya ba ta bar kwanarta ba. Ya iso wurinta da gumi, Corinne na biye da shi, ta rataya kwat ɗin a hannu don tsokana.

“Doña, don Allah. Saura ɗaya.”

“Na sani. Amma ni ma ba na hulɗa da mutum sai ya sa mini hannu.”

Ta yago takardar naɗe tako, ta yi rubutu, ta miƙo masa da biro. Ya karanta a fili: “Ni Leland na yi alkawari zan tambaya kafin in gina.” Corinne ta juya baya tana dariya. Shi kuwa idonsa ya ciko da ƙwalla, ya sa hannu. Haka motarta ta zama ta goma.

Yau kamfanin yana da ma'aikata goma sha biyu, kuma an gina sabuwar manhaja daga baya, bayan littafi na shida ya cika. Masu sabbin kamfanoni kan zo neman shawara, wasu da tasu takardar rufe bakin a jaka. Leland ba ya musu da su. Yakan ce matambayi ba ya ɓata, ya tambaye su wa za su sayar wa, da kuma yaushe rabon da su zauna da shi. In suka fara kame-kame, sai ya nuna musu bango, inda takardar nan ta Doña Amparo mai tabon mai take rataye cikin gilashi, ya ce su tashi a je cin abinci. Har yanzu tako uku yake saya, kuma har yanzu Doña Amparo ba ta rage masa ko sisi ba.