Burul, Mai Hannu a Kan Buta

Ƙarfe bakwai na safe gari bai gama wayewa ba, dusar ƙanƙarar da ta kwana tana sauka ta shafe hanyar makaranta. A irin wannan lokacin Burul ke fitowa daga gida, jaka a baya, 'yan ƙiraren hura wuta a hammata. Sawunta ne na farko a kan hanyar, na maigadi ma a bayan nata yake. In ta shiga ɗakin malamai murhu take fara hurawa. Kwamfutocin makaranta a nannaɗe suke kwana cikin bargon ulu, don sanyin kwarin nan yana shanye batir. Sai ɗaki ya ɗumama take kwance su, sannan ta ɗora ruwan shayi.

Aikinta horar da malamai ne, yadda za su yi koyarwa da kwamfuta da waya, a makarantarmu da sauran makarantun kwarin. Ranar da ba a gan ta ba, tana cikin motar madara, a matse tsakanin direba da garewani, za ta wani ƙauyen. Ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aikin, gwiwoyi sun ƙi hawa mota. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Baƙo in ya leƙa ajinta, ɗauka zai yi mai hidimar shayi ce. Bakin ƙofa take zama, inda matan gida ke zama, buta a dama, kofuna a hagu. Malamai ne a gaban kwamfuta. Ba wanda ya taɓa ganin ta karɓe linzamin kwamfuta daga hannun mai koyo. In mutum ya rikice ya ce, "Burul, don Allah zo ki yi mini," sai ta ɗaga buta ta ce, "Ka ga hannuna. Faɗa mini abin da kake gani." Kuma ba ta cika kofi. Kurɓi biyu take zubawa, yadda ake yi wa baƙon da ba a so ya tashi. Kafin ka shanye ka miƙa ta ƙara, ka riga ka danna abin da kake tsoro.

Labarin da aka fi sani nata shi ne na Malam Turdubek. Shi ne malamin lissafi, shi kaɗai, kuma rabin iyayen garin nan ta hannunsa suka bi. Shi ne kuma wan mahaifin mijinta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunansa ba, Baffa take cewa. Shi ma har yau, da furfurarta da komai, Amarya yake kiranta.

Da aka ce daga yanzu a kwamfuta za a riƙa shigar da maki, kuma duk ranar da ƙanƙara ta toshe hanya malami ya tura darasi ta waya ga yaran da ke rugagen nesa, Malam Turdubek ya ce shi ba zai zauna amaryar gidansu ta koya masa ba. Gara ya tafi Narin, inda ake tara malamai. Ya tafi ɗin. A can wani matashi ne ke koyarwa, mai sauri, ba kuma da mugunta ba. Malam na laluben harafi da yatsa ɗaya, matashin ya zo ya ɗauke masa hannu daga kan linzamin ya ce, "Kawo, Baba, lokaci na ƙurewa." Nan take ya gama abin. A baya aka yi 'yar dariya, cikin masu dariyar har da waɗanda Malam ya koya wa sau biyu-biyu.

Ya dawo ya sami shugabar makaranta, Malama Kalicha, ya ce ƙarshen wata zai ajiye alli ya bi tumakinsa.

Kalicha ta san abin da ke nan. Ba wani matashin malami da zai yarda ya zo kwarin nan, kuma 'yan ajin ƙarshe na da jarrabawa da bazara. Ta kira Burul.

"Sai ke, 'yar'uwa."

"Ni? Ni da ko sunansa ba na faɗa, ta ina zan ce masa ya yi kuskure?"

"Wannan kuma ke kika sani. In ya tafi, yaran nan za su shiga jarrabawa ba lissafi."

Ranar Lahadi da la'asar Burul ta ɗauki kwamfuta da kwanon borsok da ta soya, irin fanken kwarin nan, ta tafi gaida Inna Anarkan, matar Malam. Shi yana zaune can saman ɗaki, nesa da ƙofa, wurin zaman manya, yana ɗinke igiyar sirdi, bai ɗago ba. Ta zauna bakin ƙofa, ta karɓi buta, ta buɗe kwamfuta ta tura ta tsakiyar teburi. Ta ce wa Inna darasin lissafi ne na bidiyo da za a riƙa tura wa yara in Baffa ya huta, tana so ta ji ko muryar na fita.

Wani mutum ya bayyana yana rubutu a allo, yana magana kamar ana binsa. Malam ya ci gaba da ɗinki. Can sai allurar ta tsaya.

"Tsayar da shi."

"Hannuna da buta, Baffa."

"Na ce ki tsayar da mutumin nan! Ya tsallake layi guda, yaro zai ɓata."

"Dogon maɓallin nan na ƙasa. Sau ɗaya."

Malam ya miƙa hannu ya buge shi kamar mai kashe ƙuda. Mutumin ya daskare, baki buɗe. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Da ma haka ya kamata a yi masa."

Inna Anarkan ta tuntsire da dariya. "Tsoho, ba kai ka rantse ba za ka sake taɓa akwatin nan ba?"

"Ban taɓa shi ba. Tsawata masa na yi."

"Da akwai irin wannan maɓallin a jikinka, ai da na huta tuntuni."

Bai kula ta ba. "Amarya, mayar da shi baya in nuna miki inda ya lalata."

"Shayin Inna zai huce, Baffa. Kibiyar hagu."

Ta haka aka fara. Ba ta taɓa ce masa zo in koya maka ba. Sai dai ta zo da wani bidiyon, shi kuma ya yi ta tsayar da mutum yana yi masa gyara. Wata rana ya ce, "Wai wa ya ba wannan izinin koyarwa?"

"Ba kowa. Wayarsa ya jingina da wani abu ya yi magana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya jawo kwanon sukari ya jingina tasa wayar. Darasinsa na farko, gemu da rufin ɗaki kawai suka fito. Na biyu, kukan tumaki ya danne muryarsa. Shi da kansa ya kalla ya ce wannan ba aiki ba ne, a sake. Ranar da ya goge makin aji guda bisa kuskure, Burul ta ce a hankali, "Baffa, na manta, wane maɓalli ne ke dawo da abin da ya ɓace? Kamar na ga ka danna shi ranar nan." Ya laluba, ya samo shi, makin ya dawo. Ya ce, "Yaran yanzu, komai mantuwa."

Ƙarshen wata ya zo. Kalicha ta zauna a ofis tana jiran ya shigo sallama. Ya shigo, ya ɗauki alli a akwati, ya wuce aji. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar. A ranar ne, bayan ya shigar da makinsa da hannunsa, Burul ta cika masa kofi har baki. Ya dubi kofin ya dube ta.

"Korata kike yi, Amarya?"

"Ka gama, Baffa."

A hunturun nan hanya ta daɗe a toshe. Yaran rugage kan hau tudun bayan garke, inda waya ke kamawa, su sauko da darasi su koma bakin murhu. Iyayensu sun ce har su sun haddace muryar: "Ku tsayar da ni. Ku rubuta. Sannan ku sake ni." Da bazara yaran suka shiga jarrabawa da lissafinsu.

Har yau in ka tambayi Malam Turdubek wa ya koya masa kwamfuta, cewa zai yi da kansa ya koya. Ba shi kaɗai ba. Ka bi makarantun kwarin nan, za ka tarar da malamai da yawa masu faɗin haka, kuma duk sun sha shayin buta ɗaya. Burul ba ta taɓa musa wa kowa ba.

Ke ce, Burul, mai hannu a kan buta. Ke ce kika gane cewa babba ba kwamfuta yake tsoro ba, idon mutane yake tsoro. Kika zauna bakin ƙofa, kika bar wa malamai saman ɗaki da girmansu. Mu da ba mu yi nisa a karatu ba, ba mu san sunayen abubuwan da kike koyarwa ba, amma mun ga malamin ƙannenmu bai bi tumaki ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Waɗanda za su karɓi aikinki kuma, da duk wanda aka sa ya koya wa na gaba da shi, in hannunku na ƙaiƙayin karɓewa, ku nemi abin da za ku riƙe.

A makon nan ma, da safe, kafin kowa ya iso, ta kwance kwamfutoci daga bargo. Kwana biyu ta lura Malam na kai hanci har jikin gilashin kwamfuta kafin ya karanta sunan yaro. Ta buɗe wadda yake amfani da ita, ta ƙara wa rubutun girma, ta rufe, ta koma bakin ƙofa.

Ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga hula, ya zauna ya buɗe. Ya ja baya, ya gyara zama, daidai lokacin da Kalicha ke shigowa.

"Kalicha, sabon tabarau ɗin nan ya yi. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro."

Ya miƙa kofi ta gefe, bai waiwayo ba.

"Amarya, shayi."

Ta zuba masa kurɓi biyu.