Sarƙar Mashin Da Ba Ta Tsinke Ba

A shekarun farko bayan an ba mu jihar Taraba, ni ƙaramin akawu ne a Jalingo, ina haya a unguwar Turaki da matata. A ofis an san ni da guga da ladabi, a gidajen burukutu kuwa ina da ƙwaryata ta kaina, ba a ba kowa ita. Ban taɓa zagin matata ba balle duka, shi ya sa nake ɗaukar kaina mashayi mai mutunci.

Wata rana da azahar naƙuda ta kama ta, cikinmu na fari. Matan gidan suka ce in hau mashin in ɗauko ungozoma a Abbare. A hanya sai na ce bari in tsaya in sha ƙwarya ɗaya in samu natsuwa. Ɗaya ta zama biyar. Ban iso da ungozomar ba sai dab da magariba, na tarar yaron ya zo babu rai. Kafin in shiga gida na durƙusa na shafa baƙin mai a hannuwana da rigata, na ce sarƙar mashin ce ta tsinke a hanya. Matata ta yarda. Shekara uku ita ke ba ni haƙuri, tana cewa ƙaddara ce, kada in ɗora wa kaina laifi. Duk ranar da ta faɗi haka sai na sha ninkin na jiya.

Wani maƙwabcina, malamin makaranta da muke coci ɗaya, shi ya tsince ni a bakin kwata wata Asabar. Ya ce shi ma ya sha wannan wahala, kuma akwai wasu da ke haɗuwa a Mayo Gwoi suna taimakon juna su bar giya. Babu allo babu sanarwa, sai wanda ya sani ya kai ka. Ajin firamare ne, mu bakwai, Musulmi da Kirista, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Wani tsohon soja ke jagoranta, kuma kullum da doka ɗaya yake buɗe zama: abin da aka faɗa a ajin nan, a nan za a binne shi. Wurin ya yi mini rana, ba zan ɓoye ba. Na yi wata takwas ban kurɓa ba. A wata na tara na buɗe baki na ba su labarin sarƙar, har da baƙin man, ina kuka kamar ba namiji ba. Maƙwabcin nan shi ya fara tashi ya riƙe kafaɗata.

A cocinmu akwai al'adar ba da shaida ranar Lahadin godiya, mutum ya fito gaba ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Lokacin ana shirin zaɓen dattawan ikilisiya, sunan maƙwabcina na cikin waɗanda ake ambata. Ya fito da babbar riga, ya ce Allah ya yi amfani da shi ya ceto wani bawa daga giya. Ina zaune kusa da matata ina jin daɗi, ban san da ni za a yi miya ba. Sai na ji yana cewa bawan nan an aike shi ɗauko ungozoma, ya tsaya shan burukutu, ya shafa baƙin mai a hannu. Jama'a na amin, ana tafi. Matata ba ta juyo ba. Hannunta da ke kan gwiwata kawai ta janye a hankali ta mayar cikin mayafi.

Da na tare shi a waje, cewa ya yi ai bai kira suna ba, kuma don ɗaukakar Allah ya yi. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Ya ɗauki gawar ɗana ya yi kwalliya da ita a gaban jama'a, kuma aka zaɓe shi. Tsohon sojan ya hana shi sake taka ajin, amma magana zarar bunu ce. Har yau in na tuna tafin nan sai zuciyata ta yi zafi.

A gida matata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce giyar ba ita ta fi ƙona mata rai ba, don ta san wanda ta aura. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne shekara uku tana lallashin mutumin da ya san gaskiya, sa'an nan maza shida da ba su ɗauki cikin ba suka riga ta ji. Da safe ta tafi gidan iyayenta, ba ta dawo ba.

Ban koma giya ba, ban kuma daina zuwa ajin ba, don mutum biyar sun riƙe amana, ɗaya ne ya ci. Mai fama da sha, ka nemi irin wannan zama, yana ceton rai. Amma ka lura da wanda ya fi son a ce shi ya cece ka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba kowa ya san haka ba. In asirinka akwai haƙƙin wani a ciki, ka fara kai masa da bakinka. Maƙwabcina ya ci amanata a Lahadi ɗaya, ni kuwa na ci tata kullum, har shekara uku.