Bakaniken da Ba Ya Duba Mota Sai da Direbanta

Duk sammakona, Malam Ishaƙ yana riga ni fitowa. Garejinsa yana fuskantar shagon ɗinkina a bakin hanyar Maigatari, nan cikin Gumel, kuma mun daɗe muna kallon juna har mun yi furfura tare. Da kansa yake share ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin garejin, ya yayyafa ruwa, ya jera kayan aikinsa a kan benci, sannan ya tsallako ya karɓi guntun ƙyalle a wajena. In na ba shi mai launi dawo min da shi yake yi. Fari yake so, don a kansa yake ɗiga man giya ya ga abin da ke damun mota. Yanzu ciwon baya ya taso shi gaba, likita ya hana shi kwanciya a ƙarƙashin mota, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na ce wallahi ba zai tafi shiru ba, ko da yake allura na iya riƙewa ba alƙalami ba.

Lokacin da ƙananan motocin nan masu giyar CVT suka cika gari, masu gyara da yawa gudunsu suka yi. Irin wannan giya ba haƙora ne ke canja mata gudu ba. Wani bel ne na ƙarfe yake zagaya faifai biyu masu buɗewa da tsukewa, kusan kamar na keken ɗinkina, sai dai shi ba ya yafe kuskure. Ba ta son zafi, ba ta son lodin da ya wuce kima, ba ta son a kafe a rairayi a yi ta danna totur, kuma tana da irin manta ita kaɗai. Mu kuwa daga Gagarawa har Sule Tankarkar rairayi ne, kuma mutuminmu in bai danna buhunan riɗi a but ɗin mota ba gani yake ya yi asarar tafiya. Sai ka ga mota tana karkarwa in za ta tashi, ko tana wani siririn kuka, ko inji ya yi ta ihu ita kuwa ba ta gaba. Malam Ishaƙ da girmansa ya zauna ya koye ta. Ya kwance matattun giyabos ya haɗa, ya sake kwancewa, har ya san halinta.

Yana da wata ƙa'ida da ta sha jawo masa surutu: ba ya duba irin motar nan sai an zo da wanda yake tuƙa ta kullum. Zai zauna a gefe direba ya ja, shi kuwa ba titi yake kallo ba, ƙafar direban yake kallo. Ni ma na sha tsokanarsa, in ce ko auren motar za a ɗaura ne da sai waliyyi ya zo. Murmushi kawai yake yi.

Bara ne na daina tsokanar. Hajiya Rakiyya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta sayi irin motar nan ta ba wani direba ɗan Ɗanzomo mai suna Cindo, yana jigilar fasinja zuwa Maigatari. Ba a jima ba motar ta fara karkarwa. Aka ce mata ai tuƙin ganganci ne, Cindo ya kashe mata giya. Ta karɓe makullinta. Kafin ka ce me labari ya cika tasha, kuma direban da aka ce yana kashe giya babu mai sake ba shi ko da amalanke. Magidanci guda, da iyali a gida, ya koma zaman benci yana kallon abokansa suna lodi.

Ƙanin Hajiya, Sabi'u, ne ya lallaɓo da motar gareji, ita tana gefe. Malam Ishaƙ ya tambaye ta ina direban motar, ta ce ta sallame shi. Ya ce to a nemo shi. Hajiya ta fusata ƙwarai, har shagona ina jiyo ta tana cewa gyara ta kawo ba sulhu ba. Ya ba ta haƙuri cikin ladabi, amma ko bonet bai ɗaga ba. Motar ta kwana biyu a ƙarƙashin darbejiya kafin Hajiya ta haɗiye fushinta ta aika Ɗanzomo.

Cindo ya zo duk ya rame, ya gaishe ta kansa a ƙasa. Suka shiga mota da Malam Ishaƙ, suka zaga cikin gari, suka hau kwalta, suka gangara hanyar rairayi. Da suka dawo, ya ɗigo man giyar a farin ƙyallensa, sai ga shi ja wur. Ya shinshina, ya murza da yatsu, ya kwance farantin ƙasa ya duba maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe. Ni dai na bar rigar mutane a kan keke na tsallako.

"Hajiya," in ji shi, "ƙafar da na gani yau ba ta kashe giya. A hankali yake tashi, sai mota ta tsaya cak yake sa ribas, da muka shiga rairayi bai yi mata dole ba. Man da ke cikinta ne ba nata ba. Wa ya yi mata juye?"

Sabi'u ne ya ce shi ne. Don ya taimaki yayarsa ya yi, ya zuba irin jan man da ya saba zuba wa tsohuwar otomatik ɗin marigayi. Cindo ya san an yi juyen, amma bai san illar ba, kuma ba zai iya nuna ƙanin uwar ɗakinsa da yatsa ba. Malam Ishaƙ bai kunyata Sabi'u ba. Cewa ya yi rabin garin nan haka suke yi, kuma Allah ya sa bel ɗin bai kai ga cinye faifan ba. Ya wanke giyar, ya canja filta, ya zuba mata nata man, karkarwa ta ɗauke.

Malam Ishaƙ, kai ne na ga ka ƙi taɓa ƙarfe sai an kawo mutumin da aka yanke wa hukunci ba ya nan. Gwani na Gumel, abin naka tsoro yake ba ni.

Hajiya ta nemi gafarar Cindo, idonta cike da hawaye, ta miƙa masa makulli. Ya karɓa da hannu biyu, amma bai tafi ba. Ya juya ya ce a hankali, "Baba, maganar nan da ka faɗa, mu kaɗai muka ji ta."

Malam Ishaƙ ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa, ya kama hanyar tasha a ƙasa cikin ranar nan, yana dafe da baya. Na ja ƙofar shagona na bi su. A gaban shugaban tasha da direbobin da suka yi ta yamiɗiɗi da zancen, ya maimaita abin da ya faɗa wa Hajiya, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce duk mai irin motar nan da yake son ta daɗe, ya je ya kalli yadda Cindo yake taka totur. Na ga manyan direbobi suna sunkuyar da kai.

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan, ya sa ka ci moriyar hutunka. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, bakanike ne kai ko tela ko magini, in aikinka ya nuna maka gaskiyar da za ta wanke wani, kada ka faɗe ta a lungu ka ce ka sauke nauyi. Ka taka ka kai ta har inda aka ɓata masa suna. Da safen nan ma Cindo ya wuce cike da fasinjan Maigatari, ya rage gudu ya ɗaga maka hannu, kai kuwa kana duƙe a kan motar wani ba ka ma gan shi ba.