Ranar da aka hana ni ceton yayana

Ko da zan manta komai na shekarun da aka yi ana shimfiɗa bututun mai ta ƙasarmu ta Arewa, akwai wuni guda da zai zauna mini a rai har in koma ga Allah.

Ni da yayana mun samu aikin lebura a shantiye, wato filin aikin, can gefen Gesheme. Shi tsohon mahaƙin rijiya ne, ya san ƙasa kamar yadda mace ta san tukunyarta. Ni kuwa manomi ne kawai mai saurin fushi. Akwai wata mata daga Dogon Dutsi da aka ɗora wa kula da lafiyar ma'aikata, muna kiranta Madam Sekirite. Gajera ce, kullum da usur a wuya, kuma ba ta gajiya da faɗa. Kada a shiga rami sai an tokare bangonsa, kada a tara ƙasa a bakinsa, kada a sauka ba tsani. Mu dai dariya muke yi mata a bayan ido. Yayana yakan ce, "Wanga ɗan rami da bai kai gaba biyu ba, shi za a koya man shiga?"

Ruwan farko ya sauka a makon da abin ya faru. Da safe Madam ta zagaye wani sashe na ramin bututun da jan ƙyalle, ta ce yashi ya jiƙa, kowa ya nisance shi. Da azahar muna hutawa sai ga wata tsohuwa tana salati, akuyarta ta faɗa ciki. Ta dubi yayana ta ce, "Ɗana, ita ɗai gare ni, da nononta nika shan hura." A wurinmu tsohuwa ba ta roƙonka ka tsaya kallonta. Ya tsallake ƙyallen ya dira, ya cicciɓo akuyar ya miƙo ta. Yana shirin hawowa bangon ya zube.

Ba wata ƙara mai yawa aka ji ba, kamar dai an juye buhun hatsi. Da ƙura ta lafa, kansa da kafaɗa guda kaɗai ake gani. Idonsa a buɗe, bakinsa na motsi, amma murya ba ta fita.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da ake yi in rijiya ta rufta da mutum. Kowa yakan sheƙo da gudu, mai fartanya da mai ƙwarya, kuma wanda ya tsaya baya ya sha kunya har jikokinsa. Haka muka yi. Muka cika bakin ramin maƙil, mai katafila ya tayar da injinsa zai kwashe ƙasar, ni kuma na riga na zura ƙafa ɗaya zan dira.

Sai usur ya tsaga kunnuwanmu. Madam ta sha gaban katafilar ta ɗaga hannu, ta ce a kashe inji. Ta juyo ta riƙe mini riga.

Na ce, "Madam, sake ni! Wana na, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Ta ce, "Na sani, malam. Nauyinku shi ka tura ƙasa bisa ƙirjinai. In kana son shi, ja baya."

Wallahi ban taɓa jin zafin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Ɗan'uwana na kallona, ni kuma ina ja da baya kamar baƙo. Muka janye. Ba mu gama janyewa ba gefen da muka tsaya ya tsage, ya sulale cikin ramin, kaɗan ya rage ya kai inda yayana yake. Da muna wurin, da mu da ƙasar za mu sauka a kansa.

Daga nan babu wanda ya ƙara musu. Ta sa aka kawo katakai aka jera jikin bangon, aka tokare su da turaku, aka saukar da tsani. Duk wannan aiki ina ganinsa kamar shekara. Ta durƙusa daga nesa tana yi wa yayana magana, "Baba, ja numfashi sannu, muna nan tahe." Sai da ta tabbata bangon ya tsayu ta ɗaura mini igiya a ƙugu, ta ce, "Yanzu sauka. Da hannu za ka tona, ka hwara da ƙirji. Kak ka ja shi."

Na tona har faratana suka fashe. Da ƙirjinsa ya samu sarari ya ja wani numfashi mai ƙara, na fashe da kuka ban ji kunyar kowa ba. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, aka ɗauke shi zuwa likita, wato asibiti, a Dogon Dutsi. Har yau yana ɗingishi, kuma rijiya ta fi ƙarfinsa, amma yana nan da ransa, ya aurar da ƴaƴansa da hannunsa.

Da na isa gida da yamma, innarmu ta kama hannuwana ta ga jini, ta ce, "Kai ka hiddo shi, Allah shi yi ma albarka." Na ce, "A'a Inna, ki sa wa wadda ta hana ni."

Abin da na koya ke nan. Mu an raine mu a kan cewa mai ƙaunarka shi ne wanda ya fara rugowa. Dokokin nan da muke yi wa dariya kuwa an kafa su ne saboda irin wannan lokaci, da ƙauna ke rufe wa mutum ido. Ni da na fi kowa son yayana, ni na fi kowa kusa da kashe shi.