Kazata da Takalmi Mai Wuta

Ranar Lahadin farko ta watan Disamba, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Rifkatu ta shigo cocinmu na Romi a makare, kuma har gobe ina da yaƙinin da gangan ta yi. Muna zaune a bencin Sande Sukul, malama na koya mana waƙar Kirsimeti, sai ga ta tana tafe a hankali kamar amarya, duk takun da ta yi wata jar wuta na ƙyaftawa a dunduniyar takalminta. Waƙa ta mutu a bakinmu. Yara suka yi mata caa, har 'yan aji shida suna durƙusawa suna roƙon ta sake takawa. Ni ban motsa ba. Na tura silifas ɗina da aka ɗinke da zare ƙarƙashin benci.

Shingen langa-langa ne kawai ya raba gidanmu da na su Rifkatu. Rijiya ɗaya muke ɗiba, hanya ɗaya muke bi zuwa makaranta, tare muke 'yar carafke a gindin mangwaro idan mun gama wanke-wanke. A aji ina gabanta, a carafke ma haka, kuma ina da abin da ba ta da shi, wato kaza tawa ta kaina. Al'adar Kaka ce, mahaifiyar Baba, duk jikan da ya isa aike sai ta kawo masa 'yar sagara daga ƙauye, a cikin kwando, tare da citta da acca. Da ta miƙo mini tawa ta ce, "Kada ki ci, kada ki sayar. Ki bari ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta su saya miki akuya." Kazar wake-wake ce, don haka na sa mata suna Wake. Ni ke share akurkinta kafin na tafi makaranta, ni ke tono mata gara a bayan gonar masara, kuma kowace safiya a bakin ƙofar ɗakinmu nake watsa mata tsaki. A lokacin har ta fara kyarkyara tana neman wurin ƙwai.

Shekarar nan masaƙar da Baba ke aiki ta tsaya, an riga an gaya mana ba sabon takalmi. Na yi kuka, na ƙi tuwo, na yi kwana uku ina kumbure-kumbure, daga ƙarshe na ce to a sayar da Wake. Mama ta dube ni ta ce, "Kazarki ce, Saratu. Amma ranar da Kaka ta tambaya, bakinki ne zai amsa." Maman Rifkatu da ta jiyo mu ta shinge ta saye ta ba tare da ta nemi ragi ba. Na ɗauka tukunyar Kirsimeti za ta shiga, na ɗan ji babu daɗi, sai na tuna jar wutar nan na share.

A hanyar kasuwar Sabo Mama ta ja mini kunne cewa in na ga abin da nake so, in kau da kai kamar ban gani ba. Ina hango takalmin na manta. Na ruga na rungume shi a ƙirji, mai shagon kuwa ya buga dunduniyar a tafin hannunsa, wuta ta kama, ya faɗi wani kuɗi da ya sa Mama riƙe haɓa. Sau uku tana juyawa kamar za mu tafi, bai ko kira ta ba, don ni yake kallo, ni kuma ƙafata ta ƙi ɗagawa daga wurin. Kuɗin Wake ya tafi kaf, har Mama ta cika da na cefane. Abu ɗaya ne ba ta sassauta ba, dokar duk iyayen unguwarmu: ba a saya wa yaro takalmi daidai ƙafarsa. Ta ɗauki wanda ya fi ni da lamba biyu, muka zo gida aka cusa tsumma a gaba.

Ranar Kirsimeti na gane abin da na saya. Wutar ba ta kamawa sai dunduniya ta danne ta, tawa dunduniyar kuwa yawo take a ciki. In ina so ta ƙyafta sai na buga ƙafa kamar soja. Haka na tafi ba da baiko, wato sadakar coci, ɗif, ɗif, ɗif, har wata 'yar zumuntar mata ta murɗe mini kunne a gaban jama'a. Da muka fita yawon barka da Kirsimeti gida-gida, rana ta haɗiye 'yar wutar, ƙafa ɗaya kuma ta fice ta faɗa kwata. Rifkatu ce ta ciro mini da kara. Tana goge shi da ganye ta tambayi nawa muka saya, na faɗa da alfahari, ta zaro ido ta ce nata a gwanjo gwaggonta ta samo, ko rabin haka bai kai ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ashe ba a yanka Wake ba. Wata safiya bayan sabuwar shekara ina shara, sai ga ta ta kutso ta ƙarƙashin langa-langa, 'yan tsaki tara na biye da ita, ta nufo bakin ƙofarmu inda ta saba cin tsakinta, ta tsaya tana kallona. Rifkatu ta leƙo ta ce, "Don Allah taya ni koro kajina." Kajina! Haka na riƙa korar Wake da hannuna kowace safiya, ina ƙirga 'ya'yan wata, ina jin kamar in fashe don hassada.

Da Ista Kaka ta zo. Tana zaune a tabarma Wake ta shigo da zugarta, Kaka ta gane ta nan take, ta tafa hannu tana murna, "Jikata ta iya kiwo! Akuya ta kusa." Ban kai ga buɗe baki ba Rifkatu ta shigo da kwanon dusa tana kiran kajinta, suka bi ta suka fice. Kaka ta bi su da kallo, sannan ta sauke ido kan takalmin da ke ƙafata. Tun daga ranar ba ta sake kawo mini kaza ba. Kafin ƙafata ta cika takalmin wutar ta daɗe da mutuwa, Rifkatu kuwa tana da akuya ɗaure a gindin mangwaronmu na carafke.

Yanzu ina zaune a Kamazou, a gidan da aka shafe tsakar gidansa da siminti, ba inda kaza za ta yi tono. Irin takalmin nan a baro ake tura shi bakin titi, 'yata ko kallonsa ba ta yi. An sha tsuga mini kuɗi a kasuwa tun daga lokacin, duk na manta da su, ban da wannan. Har yau in na ji kaza na kiran 'ya'yanta a bayan katangar wani, sai na tsaya ina saurare kamar tawa ce.