Makullin da ke Aljihun Auta

Da safe Auta ya sha shayi a tsaye, ya ɗauki makullin motar mahaifinsa. Bakanike ne. Ya bar jami'a ya koma gareji, kuma mahaifin, tsohon malamin makaranta, ya daɗe da daina maganar.

"Baba, yau zan canza mata baƙin mai. Kuma don Allah ka daina danna totur tana rarrafe a babbar giya."

"Ni da na fara tuƙi kafin a haife ka?"

"Waccan motar taka jaka ce, Baba. Wannan 'yar gata ce."

Ya sha yi masa bayanin. Ƙaramin inji ne mai turbo, yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda. In baƙin man bai dace ba, ɗigo ɗaya kan sa wuta ta tashi kafin fulogi ya ƙyasta, sai fistin ya tsage.

Da hantsi a gareji Auta ya ɗora motar a kan jak, ya kwance noti, tsohon mai ya tsiyaye. Ya jefa makullin a aljihu. Haka yake yi da duk motar da ba mai a cikinta, kada wani ya tayar da ita. Da rana ya sayo galan ɗin baƙin man da ya dace. Da la'asar ya ce wa mai walda kansa na sarawa, ya zauna a kan taya. Bai sake tashi ba, rai ya yi halinsa. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Motar ta ci gaba da zama a kan jak. Mahaifin ba ya son wani hannu ya ƙarasa aikin, bai kuma faɗi haka ba. Daga baya maigidan gareji ya zo, yana ta murza hula.

"Malam, wurin ne ya yi mana kaɗan. Kuma mun nemi makulli mun rasa."

Makullin yana cikin ledar da aka ba su a asibiti, a aljihun rigar aiki. Mahaifiyar Auta ce ta ciro shi.

A gareji wani ya jawo duron baƙin mai.

"A'a," in ji mahaifin. "Nasa."

Galan ɗin na ƙarƙashin benci, ba a buɗe ba. Maigida ya ɗaure noti. Mahaifin ya zuba da kansa, kaɗan ya ɗiga a takalminsa. Ya tuƙo ta gida a ƙaramar giya.

Sifanoni da jak an bar wa gareji. Wayar salularsa an ba yayarsa. Rigar aikin kuwa, mahaifiyar ta ninke ta ba wanki. Galan ɗin, babu komai a ciki, yana bayan mota.