Lallen Matan Madabo Ranar Zaɓe

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ban jin zai kwashe wannan rana. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne hannunta, ya sha jan lalle, tana riƙe da takardar sunayen matan unguwa. Malamar firamare ce a Madabo, ni kuwa saurayi ne da littattafan soyayya suka cika wa kai. Gaskiya saboda ita na shiga ƙaramar jam'iyyarmu ta talakawa, wadda ba ta taɓa cin ko akwati ɗaya a unguwar ba.

Lokacin sojoji na shirin komawa bariki. Aka sa ni wakilin akwati. Ita kuma ta yi wata biyu tana bin gidaje, tana roƙon magidanta su bar matansu su fito. Ranar zaɓe suka fito kuwa, layi har bakin masallaci. Sai dai babu wanda ya tuna cewa a makon an yi biki a unguwar, kowace mace yatsunta sun rine.

Wakilin babbar jam'iyya ya miƙe. Ya ce lalle ya ɓoye tawadar da ake shafa wa wanda ya jefa ƙuri'a, wa ya sani ko sun riga sun jefa a unguwar Kabara? Samarinsa suka matso da gorori. Malamin zaɓe ya fara tattara takardu. In ya rufe, wahalar Malama ta tashi a banza, kuma mazan nan ba za su sake barin matansu su fito ba.

A littattafaina nan ne jarumi yake tsawa. Na buɗe baki, ko tari bai fito ba.

Malama ta shiga layi, ta riƙo wata tsohuwa, ta kawo ta gaban tebur. Tsohuwar ta sassauta mayafi ta dubi wakilin.

“Kai, ɗan nan, dube ni da kyau. Ni ce ɓarauniyar?”

Ya sunkuyar da kai. “Gwaggo, ban san kina ciki ba.”

“Bikin ƙanwarka muka yi wa lallen. Tuwon ma kai ka fi kowa ci. Matsa mini.”

Wata ta tuntsire da dariya, layi ya ɗauka. Gororin suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Mun ci akwatin nan da ƙyar, muka faɗi zaɓen gaba ɗaya. A zaɓe na gaba akwatunan da muka ci suka ƙaru. Bayan shekaru Malama ta zama kansila, ta auri wani tela a Goron Dutse. Wasiƙar da na rubuta mata ban taɓa ba ta ba.

A ranar na gane cewa wanda ya san mutanensa gida-gida ya fi mai zaƙin baki amfani, a siyasa da ma a soyayya.